Kunnen ɗana yana ruwa, an ce a cire masa tonsil, kakarsa ta ce beli ne

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 4. Tun yana ɗan shekara 2 yake fama da ciwon kunne, ya tafi ya dawo. Daga damina zuwa yanzu sau 3 kunnensa na dama yana fitar da ruwa, mu sayi magani a kemis ya tsaya, da ya yi mura kuma ya dawo. Da dare yana minshari sosai, bakinsa a buɗe. Malamarsu ta ce sai an kira shi sau biyu sau uku kafin ya waiwayo. Na kai shi wani asibiti aka duba maƙogwaronsa, aka ce tonsil ɗinsa sun yi girma sai an cire. Kakarsa kuma ta ce beli ne, a kira wanzami. Shin tonsil ne ke jawo ciwon kunnen? In an cire zai warke? Ni dai ina tsoron tiyata." Daga wata uwa a Gusau.

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. In na fahimce ki, kina son sanin ko girman tonsil ne ke sa kunnen yaron yake ruwa, ko cire su zai kawo ƙarshen abin, da kuma ko wanzami yana da abin yi a nan. Bari in fara ba ki amsar a dunƙule kafin in warware ta. Da wuya a ce tonsil ɗin da aka gani su ne ke ɓata masa kunne, kuma cire su kaɗai ba ya maganin ciwon kunne. Abin da na fi zargi wata tsoka ce da ke ɓoye a bayan hanci, wadda ba a ganinta ko da ya wangale baki. Zancen wanzami kuwa, don Allah a ajiye shi gefe.

Yadda hanci da kunne suka haɗu

Ki sa shi ya buɗe baki ki haska da fitilar waya. A tsakiya za ki ga ɗan naman da ke reto, shi ne beli ko hakin wuya. Dama da hagu akwai ƙululu biyu, su ne tonsil. Can sama kuma, bayan ganɗa, inda ramin hanci ya gangaro ya haɗu da maƙogwaro, akwai wata tsoka irin ta tonsil wadda fitilarki ba za ta kai gare ta ba. Ita ce adinoyid, iyaye da yawa naman hanci suke ce mata. Kowane yaro da su ake haifarsa, suna cikin garkuwar jiki, kuma ɗabi'arsu ce su yi girma tsakanin shekara 3 zuwa 7, lokacin da yaro ya fara cuɗanya da yara yana kwasar mura, sannan su riƙa motsewa yayin da ya doshi balaga. Saboda haka ganin manyan tonsil a bakin ɗan shekara 4 ba abin tashin hankali ba ne shi kaɗai. Nakan ga yara masu tonsil manya-manya suna barcinsu lafiya, suna ji garau, in ce wa iyayen su koma gida, babu abin da za a taɓa.

A bayan dodon kunne akwai ɗan ƙaramin gurbi mai iska, a ciki ƙananan ƙasusuwa 3 masu isar da sauti suke. Wannan gurbi hanyarsa ɗaya ce tak: wani siririn bututu da ya tashi daga can ya ɓullo a bayan hanci. Duk sanda kika haɗiyi yawu ko kika yi hamma yakan buɗe, iska ta shiga, danshin da ya taru ya sauka. A jikin babba bututun dogo ne kuma a gangare yake. A jikin ƙaramin yaro gajere ne, mai laushi, kuma kusan a kwance yake, shi ya sa majina da ƙwayoyin cuta ke saurin haurawa kunne. Bakin wannan bututu kuwa dab da adinoyid yake. Idan ta kumbura sai ta danne shi, ko da ba ta yi girman dannewa ba takan zama matattarar ƙwayoyin cuta a daidai ƙofarsa. Kamar rariyar tsakar gida ce da shara ta toshe bakinta: ruwan da ya kamata ya fice sai ya kwanta, in ya daɗe ya lalace. Tonsil suna can ƙasa, nesa da bakin bututun. Abin da ke rikita mutane shi ne tare suke girma da adinoyid, sai a ga wanda ke fili a ɗora masa laifin wanda ke ɓoye.

Ba kowane ciwon kunne ne iri ɗaya ba

Akwai na farat ɗaya, mai biyo bayan mura. Yaro ya tashi tsakar dare yana kuka, yana jan kunne, ga zazzaɓi. Mugunya ce ta taru a bayan dodon kunne tana tura shi. Wani lokaci dodon kunnen yakan fashe, ruwa ya fito, sai ki ga zafin ya lafa yaro ya yi barci. Irin wannan huda yawanci takan rufe da kanta cikin 'yan makonni. Idan hakan ya faru sau 3 cikin wata 6, ko sau 4 cikin shekara, mukan ɗauke shi a matsayin ciwo mai maimaituwa, wanda ke buƙatar a nemi tushensa. Mai yiwuwa ɗanki ya shiga wannan sahu.

Akwai kuma wanda hudar ba ta rufe ba. Kunne ya bushe na ɗan lokaci, da an yi mura ko ruwan wanka ya shiga sai ya sake zuba, sau da yawa ba zafi ba zazzaɓi, sai dai wari. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba ƙananan yara, kunnen da ya yi kwana 14 ko fiye yana zuba an ɗauke shi a matsayin ciwo mai daɗewa, kuma maganinsa daban ne. Daga wasiƙarki ba zan iya raba miki tsakanin waɗannan biyun ba. Sai an tsabtace kunnen an leƙa da fitilar duba kunne, an ga ko dodon kunnen a rufe yake ko akwai rami.

Na ukun shi ne ya fi damuna, domin shi ba ya sa kuka. Ruwa mai yauƙi ne ke taruwa a bayan dodon kunne da ba shi da huda, ba ciwo, ba zazzaɓi, ba abin da ke fitowa waje. Yaro dai kawai yana jin magana daga nesa-nesa, kamar yadda za ki ji in kika toshe kunnuwanki da yatsu. Mafi yawan yara sukan yi shi aƙalla sau ɗaya kafin su shiga firamare, kuma galibi yakan janye da kansa cikin wata 3. Amma wanda nasa ya zauna, shi ne za ki ga yana ƙure ƙarar talabijin, yana zuba wa bakin mai magana ido, yana cewa "iye?" a kai a kai, maganarsa ba ta fita sosai. Sau da yawa ana kawo mini irin waɗannan yara bayan sun sha duka a gida da Islamiyya, ana ce musu masu kunnen ƙashi, alhali kiran ne bai isa gare su ba. Maganar malamarsu ita ce mafi nauyi a duk abin da kika rubuto. Kunnen dama da ke zuba shi kowa ke kallo, amma yaron da kunne ɗaya ne kawai ya samu matsala yawanci yakan amsa kira. In har ba ya waiwayowa, ina zargin na hagun ma akwai ruwa a bayansa. Shekarun nan ne yaro ke ɗaukar harshe da haddar farko, jin da ya ragu na wata da watanni yana iya barinsa a baya a aji ko da daga baya kunnen ya warke.

Ki saurari barcinsa

Minshari iri biyu ne. Akwai na lokacin mura, wanda ke wucewa da murar. Akwai kuma na kowane dare. Ki zauna kusa da shi bayan barci ya yi nisa, ki ɗage masa riga. Abin da nake so ki lura da shi: minsharin yana hawa, yana hawa, sai ya ɗauke ɗif, amma ƙirjin yana ci gaba da fama, ramin wuya da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa ciki, bayan 'yan daƙiƙu sai ya ja numfashi da ƙarfi ya juya. Irin wannan yaro yakan banƙare wuya baya, ya jiƙe da gumi ko a hunturu, ya jiƙa matashi da yawu, wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Da rana ba lallai ya yi gyangyaɗi ba, sau da yawa ma rashin natsuwa da saurin fushi za ki gani. Wajen cin abinci yana daɗewa, domin da bakin da yake tauna da shi yake numfashi, kuma ba ya ƙiba yadda ya kamata.

Ki ɗauki bidiyon minti 2 ko 3 da wayarki a dare biyu ko uku, ki kai wa likita. Gwajin barci na na'ura ba ko'ina ake samunsa a ƙasar nan ba, kuma a ɗakin duba marasa lafiya yaro a farke yake yana wasa, babu abin da zan gani. Bidiyon uwa ya sha yanke mini hukunci fiye da hoton asibiti.

Yaushe tiyata ta zama dole

Dalilan cire tonsil da likitoci suka yarda da su manya biyu ne. Na farko toshewar numfashi a barci, irin wanda na bayyana. Idan ya yi tsanani aka bar shi shekara da shekaru yana iya tauye girman yaro, har ya wahalar da zuciya. A nan akan cire tonsil da adinoyid tare. Na biyu ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi da ke yawan dawowa, kuma akwai ma'auni da aka daɗe ana amfani da shi tun wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 1984: sau 7 cikin shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara 2, ko sau 3 a kowace shekara har shekara 3. Ba ki ambaci ciwon maƙogwaro ba ko kaɗan, saboda haka in za a taɓa tonsil ɗin ɗanki, barcinsa ne zai sa, ba kunnensa ba.

Idan toshewar mai sauƙi ce, jira ma magani ne. Wani babban bincike da aka buga a 2013 kan yara 'yan shekara 5 zuwa 9 ya nuna kusan rabin waɗanda ba a yi wa tiyata ba gwajin barcinsu ya daidaita da kansa bayan wata 7, ko da yake waɗanda aka yi wa sun fi samun sauƙin barci da natsuwa. A irin wannan hali nakan gwada ruwan gishiri na wanke hanci da maganin fesawa a hanci mai rage kumburi na tsawon wata ɗaya zuwa biyu, musamman ga yaron da ƙura ke sa shi atishawa da toshewar hanci. Wasu sukan samu sauƙi sosai, wasu ba sa samu.

Ta ɓangaren kunne, idan an tabbatar ruwa ya zauna a kunnuwa biyu wata 3 ko fiye, kuma gwaji ya nuna ji ya ragu, abin da ake yi shi ne a ɗan tsaga dodon kunne a zuƙe ruwan, a sa wani ɗan mitsitsin bututu da ake kira gromet domin iska ta riƙa shiga. Yakan faɗo da kansa, galibi tsakanin wata 6 zuwa shekara ɗaya da wani abu. Ga yaro mai shekara 4 zuwa sama, cire adinoyid tare da wannan yana rage yiwuwar ruwan ya dawo, balle in hancinsa a toshe yake kullum. Kunnen da yake da huda kuwa ba ya buƙatar gromet. Shi ana busar da shi ne, a kare shi daga ruwa, in ramin ya ƙi rufewa a yi masa faci idan yaron ya ƙara girma. Ki sani kuma, maganin mura na ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sa busar da ruwan da ya kwanta a bayan dodon kunne, asarar kuɗi ce kawai.

Tsoron da kike yi ba laifi ba ne, kuma ba zan ce miki aikin cire tonsil ba shi da haɗari ba. Ta baki ake yin sa, ba a yanka wuya, yaro yana cikin maganin barci, kuma yawanci ba ya kai awa ɗaya. Bayan cire tonsil maƙogwaro yakan yi ciwo mako ɗaya zuwa biyu, wurin ya yi fari-fari, wannan warkewa ce ba mugunya ba. Babban abin tsoro zubar jini ne, ko a ranar farko ko tsakanin kwana 5 zuwa 10. 'Yan kaɗan ne cikin ɗari ke samunsa, amma shi ya sa nake hana iyaye tafiya ƙauye da yaro sai bayan mako 2, kuma ko ɗigon jini aka gani a bakinsa a dawo da shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Farasitamol da ibufrofen ake bayarwa don zafi. Ba a ba shi asfirin, ba a ba shi duk wani magani mai kodin. Kafin aiki a duba yawan jininsa, a kuma san ko mai sikila ne, domin masu sikila sun fi samun girman tonsil da adinoyid kuma shirin tiyatarsu na musamman ne. Cire adinoyid kaɗai ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, cikin 'yan kwanaki yaro ya koma wasa. Garkuwar jikinsa kuma ba ta raunana don an cire su, akwai sauran sassa da yawa masu yin aikin.

Maganar kaka

Kakarsa ƙaunarsa ce ta sa ta faɗi abin da ta gada, kada ki yi musu da ita a gaban mutane. Amma beli ba shi da hanyar da ta haɗa shi da kunne, kuma ba shi ke toshe hanci ba. In an yanke shi, adinoyid tana nan inda take, minshari yana nan, kunne yana nan. Abin da zai ƙaru shi ne haɗari. Na karɓi yara da aka kawo bayan an cire musu beli, fari fat, sun haɗiye jini har sun fara amansa, wasu wurin ya ruɓe sun kasa haɗiye ko ruwa. Ƙarfen da ba a dafa ba yana iya ɗauko tetanus, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki. Yaron da dama hanyar numfashinsa a matse take, kumburin da zai biyo bayan yankan shi kansa abin tsoro ne. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a tafi asibitin tare da Kaka, a roƙi likita ya nuna mata hoton bayan hancin da idonta. Mahaifin yaron ne ya fi dacewa ya gabatar mata da zancen.

Abin da za ki iya yi tun daga yau

Ki daina sayen maganin ɗigawa a kunne ba tare da an duba shi ba. Wasu daga cikinsu, masu jentamisin ko neyomisin, in suka ratsa ta hudar dodon kunne suna iya lalata jijiyar ji, kuma wannan ba ya gyaruwa. Waɗanda muke bayarwa ga kunne mai huda su ne irin siprofloksasin ko ofloksasin. Kada a ɗiga man ja, ko man zaitun, ko ruwan albasa, ko ruwan wani ganye, ko nonon uwa. Kada a sa gashin kaza ko tsinken ashana ko audugar goge kunne.

In yana zuba, ga yadda ake busar da shi. Ki wanke hannu, ki samu farin ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa ko takarda mai laushi da ba ta saurin yagewa, ki murɗe gefenta ta yi tsini, ki ja kunnen baya a hankali ki zura ta cikin ramin ba tare da turawa da ƙarfi ba. Ki bar ta ta jiƙe, ki zare, ki sa wata, har sai ta fito a bushe. Sau 3 a rana. Sai bayan haka a ɗiga magani, yaro yana kwance kunnen yana sama, ki danna ɗan naman da ke gaban ramin kunne sau da yawa don maganin ya shige. Maganin da aka ɗiga a kan mugunya bai kai ko'ina ba. Lokacin wanka ki shafa wa auduga basilin ki toshe bakin kunnen, kuma a hana shi wanka a kududdufi ko rafi.

Hayaƙi babban abokin gabar hancin yaro ne: na taba, na icen girki, na maganin sauro da ake kunnawa, har da turaren wuta. Ki turara ɗaki yana waje, ki bari hayaƙin ya fice kafin ya shiga, ki koma gidan sauro. Ga ƙannensa kuma, nonon uwa zalla na wata 6 yana rage ciwon kunne, a guji yi musu ɗure ko ba su fida suna kwance, a kuma cika musu rigakafi. Allurar kariya daga ƙwayar ciwon huhu da Najeriya ta fara bayarwa a ƙarshen 2014, wadda ake yi a mako 6, 10 da 14, tana kariya daga ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin da ke kawo ciwon kunne, haka ma ta ƙyanda, domin kunnuwa da yawa bayan ƙyanda suka fara zuba.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: kumburi mai zafi a bayan kunne har kunnen ya turo gaba, karkacewar baki ko ido ya kasa rufewa, ciwon kai mai tsanani da amai, sandarewar wuya, jijjiga, jiri, ko barcin da ba a iya tashinsa. Ciwon kunne yana iya ratsawa ya zama sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Haka nan in tonsil ɗaya ya fi ɗayan girma sosai kuma yana ƙaruwa, ko leɓensa yana yin baƙi a barci, a gaggauta.

Ban ga ɗanki ba, don haka ba zan ce a yi masa aiki ko kada a yi ba. Mai yiwuwa likitan da ya duba shi ya ga abin da ya isa dalili. Amma kafin ki sa hannu a takardar tiyata, ki nemi ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ki roƙi a leƙa kunnuwan biyu, a yi gwajin ji da gwajin motsin dodon kunne, a kuma duba adinoyid da hoton gefen wuya ko da siririyar kyamara ta hanci. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ku ki karɓi takardar turawa. Asibitocin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Ahmadu Bello a Shika, da na Aminu Kano duk suna da wannan sashe, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki tafi da bidiyon barcinsa, da kwalaben duk magungunan da ya sha ko aka ɗiga masa, da ranakun da kunnen ya yi ruwa gwargwadon abin da kika tuna. Ki tambayi likitan kai tsaye: wannan aiki don barcinsa ne ko don kunnensa, kuma me za a cire? Kafin ranar ta zo, ki roƙi malamarsu ta dawo da shi layin gaba ta riƙa fuskantarsa in za ta yi magana, a gida ma a faɗa wa kowa a daina yi masa faɗa kan rashin amsa kira.